Hannun daman Yaya: mako 12 tsakanin injin motsa hannu, madubi da tebur

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Yau Yaya ya fara shirin gashin hannu na mako 12 a wata cibiya da ke arewacin Ingila, inda muke zaune. Zama uku ne a mako, Litinin da Laraba da Juma'a, kowane zama awa guda: minti 45 a kan injin robot mai motsa hannu, minti 15 a tebur da kayan amfanin yau da kullum. A gida akwai aikin madubi, nan gaba kuma za a haɗa da na'urar da ke tsirga wa tsoka lantarki. Zan riƙa rubuta abin da aka yi da abin da muka gani, don 'yan'uwa a gida ba su daina tambaya ba, kuma a danginmu kaɗai ba shi ne na farko da shanyewar ɓarin jiki ta kayar ba.

Shekararsa 54. A farkon watan Yuni gudan jini ya toshe masa jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, alhamdu lillahi, yana tafiya da sanda. Magana ma ta warware, sai in ya gaji takan yi nauyi. Hannu ne ya tsaya. A aikina na jinya na sha ganin haka. Ƙafa ko mutum bai so ba dole ya ɗora mata nauyi kullum, hannu kuwa da zarar ɗan'uwansa ya karɓi aiki sai a bar shi a cinya.

Kafin a ɗora shi a injin, likitar gashin ta auna shi da ma'auni biyu. Na farko shi ne Fugl-Meyer, wanda aka fitar a Suwidin a 1975. Ɓangaren hannu maki 66 ne, yana duba ko kowace gaɓa na iya motsi ita kaɗai. Yaya ya ci 24. Na biyu ARAT ake ce masa, maki 57, shi aiki yake dubawa: ɗaukar guntun katako, juye ruwa daga kofi zuwa kofi, tsintar ɗan ƙwallon ƙarfe da yatsu biyu, kai hannu baki. Ya ci 9. Da aka ce ya kai hannu baki, kafaɗar ce ta ɗago har kusa da kunne, gwiwar hannu ta buɗe waje, ya karkata da jikinsa gaba ɗaya, yatsun suka dunƙule. Gaɓoɓin duk tare suke tafiya, babu wadda ke iya rabuwa da 'yar'uwarta.

Ta tambaye shi abin da yake so hannun ya yi masa. Ya lissafa uku: ya ci abinci da dama, ya yi alwala ba da taimakon kowa ba, ya miƙa hannu a yi musabaha a masallaci. Ta rubuta su a saman takardarsa, sama da makin.

Juma'a, 12 ga Satumba

Wanda ya ji an ce robot zai zaci mutum-mutumi ne mai kai da ƙafa. Tebur ne da allo a gabansa, sai wani hannun ƙarfe mai gaɓa biyu da ke yawo a shimfiɗe. Ana zaunar da Yaya a kujera, a ɗaure masa ƙirji da bel don kada ya riƙa satar motsi da gangar jiki, a kwantar da sangalin hannun a cikin wani ɗan kwami, a ɗaure yatsun a mariƙi. A allon akwai ɗigo a tsakiya da wasu takwas kewaye da shi. Ɗaya zai haskaka, ya tura hannu zuwa can, ya dawo tsakiya, na gaba ya haskaka. Haka har a gama.

Dabarar tana cikin yadda injin ke taimakawa. Ba ya jan hannun da kansa tun farko, yana jira mutum ya fara. In motsin ya maƙale a hanya sai ya ƙarasa da shi a hankali, in ya kauce sai ya mayar da shi kan layi, in kuma mutum ya soma iyawa sai ya rage taimakon. Kamar malamin allo ne da ke riƙe hannun yaro yana koya masa jan alƙalami, yana sassauta riƙon kaɗan-kaɗan har ya saki.

Asalin irin wannan inji daga jami'ar MIT ta Amurka yake. Neville Hogan da Hermano Igo Krebs suka soma aikinsa a ƙarshen shekarun 1980, suka sa masa suna MIT-Manus, a 1994 aka fara gwada shi a kan majinyata a asibitin Burke da ke jihar Niyok. A kasuwa InMotion ake kiransa. Akwai wasu irin, kamar Armeo na kamfanin Hocoma a Suwizalan, wanda ake sa hannu a cikinsa gaba ɗaya ya ɗauke masa nauyi.

Ɗigon da ke gaba can nesa ya fi ba Yaya wuya, da na gefen dama, domin su ne ke buƙatar a miƙe gwiwar hannu. Layin da ya zana a allo a zaman farko duk a karkace yake, ya yi ta rawa kafin ya isa.

Laraba, 17 ga Satumba

Injin yana ƙirga kowane motsi. In mutum ya cika awa guda a kansa yakan yi sama da dubu. Yaya bai kai nan ba tukuna, yana yawan tsayawa ya huta, amma ya haura ɗari biyar.

Wannan ƙirge shi ne dalilin da ya sa aka ƙera injin. A 2009 Catherine Lang da abokan aikinta sun zauna a ɗakunan gashi a Amurka da Kanada suna ƙirga sau nawa majinyaci ke motsa hannu don yin wani aiki a zama ɗaya. Matsakaicin abin da suka samu 32 ne. A gwaje-gwajen da aka yi da dabbobi kuwa, sai an maimaita motsi sau ɗaruruwa a rana kafin a ga ƙwaƙwalwa ta sake tsara hanyoyinta. Ba laifin masu gashi ba ne. Mutum ɗaya ba zai iya tallafe hannun wani ya kai ya kawo sau dubu ba, alhali wasu majinyatan na jiransa a layi.

Gajiya ce matsalar wannan makon. Yana dawowa gida sai barci har La'asar. An matsar mana da zaman zuwa safe.

Lahadi, 21 ga Satumba

Daren jiya matar Yaya ta zaunar da ni. Kuɗin nan daga aljihu ake biya, kuma ba kaɗan ba ne. Ta ce, "Auta, ke ce ta asibiti a cikinmu. Tsakaninki da Allah, injin nan yana warkarwa?" Na gaya mata abin da na sani, zan kuma rubuta shi a nan dalla-dalla, don tambayar da kowa ke yi ke nan.

Manyan gwaje-gwaje biyu aka yi da irin injin da Yaya ke hawa. Na farko a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, aka wallafa a 2010, mutum 127 da suka haura wata shida da ciwon. An raba su uku: masu inji, masu gashi mai tsanani da hannun mutum wanda aka daidaita yawansa da na injin, da masu kulawar da aka saba. Bayan mako 36 masu inji sun ɗan fi masu kulawar da aka saba, amma ba su fi masu gashi mai tsanani ba. Na biyu a nan Birtaniya aka yi shi, sunansa RATULS, Farfesa Helen Rodgers ta Jami'ar Newcastle ta jagoranta, mutum 770 a cibiyoyi huɗu, aka wallafa a 2019. Bayan wata uku, waɗanda hannunsu ya kai matakin da aka ɗauka nasara a ma'aunin ARAT kashi 44 cikin 100 ne a masu inji, kashi 50 a masu ƙarin atisayen ayyuka da hannun mai gashi, kashi 42 a masu kulawar da aka saba. A lissafin masu bincike wannan bai kai bambanci ba. Sun kuma ce ribar injin ba ta kai kuɗinsa ba.

Amma akwai wani abu a cikin RATULS da ya fi ja mini hankali. Masu inji sun fi masu kulawar da aka saba a makin Fugl-Meyer, wato gaɓoɓin sun ƙara motsi, sai dai motsin bai koma aiki ba. Kafaɗa da gwiwar hannu sun koyi bin ɗigo, amma ba su koyi ɗaukar kofi ba, don ba a taɓa ba su kofi ba. Bitar 2018 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, wadda ta tattara gwaje-gwaje 45 da mutum 1,619, ta ga cewa injinan suna ƙara ƙarfi da amfanin hannu, amma ta yi gargaɗin cewa gwaje-gwajen sun sha bamban sosai a yawan atisaye da irin majinyatan.

Sai na ce mata injin kaɗai ba zan ba da shawarar a biya masa kuɗi ba. Abin da ya sa na yarda da wannan cibiya shi ne ba su bar shi shi kaɗai ba. Hannun Yaya a yanzu ya yi raunin da ba zai iya maimaita komai sau ɗari shi kaɗai ba, injin zai ɗauki wannan nauyin, sauran kuma aikin tebur ne da na gida. Ta yi shiru, can ta ce to a ci gaba, Allah ya sa albarka.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Minti 15 ɗin tebur sun fi min komai armashi. Da an kwance shi daga injin, tun hannun na da ɗumi, ake kai shi gaban mai koyar da ayyukan yau da kullum. A makon farko tawul kawai yake turawa a kan tebur, gaba da baya. Yanzu ta ce mu kawo kayansa na gida. Mun kai kofinsa na roba, hularsa, carbinsa mai manyan 'ya'ya, da ƙaramin kwano. Hular ta fi amfani: ya ɗora hannun dama a kanta, ya jawo ta bakin tebur, hagu ta taimaka a kai ta ka. Kafaɗa na fara ɗagowa sai ta dafa ta da yatsa biyu, ta ce a sake. Motsi biyar masu kyau sun fi mata ashirin na sata.

Yau kuma aka fara lantarkin. Ana manna 'yan faifai biyu a bayan sangalin hannu, a kan tsokar da ke ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu. Ba a kunna shi haka kawai mutum yana zaune. Sai Yaya ya miƙa hannu wajen kofin, ya yi niyyar buɗe yatsu, a daidai wannan lokacin take danna maɓallin. Na ga yatsun da suka yi wata huɗu a dunƙule sun buɗe ɗaya bayan ɗaya, sun kewaye kofin, ta saki maɓallin suka kama. Ya daɗe yana kallon hannun. Ya ce ji yake kamar tururuwa na bi ta cikin fata, amma ba zafi.

Injin da yake hawa ba ya taɓa yatsu ko kaɗan, kafaɗa da gwiwar hannu kawai yake yi. Ba don lantarkin da teburin ba, da tafin hannun ba shi da rabo a shirin.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ba a hau inji ba yau. Kafaɗar ta tashi da ciwo tun jiya. Wani baƙo da ya zo dubiya ya kama hannun dama ya ja shi zai taimaka masa tashi daga kujera, da kyakkyawar niyya ya yi. Bayan shanyewa tsokokin da ke riƙe kan ƙashin damtse a gurbinsa sukan saki, ja kaɗan yana iya yin illa. Likitar ta duba, ta ce babu abin da ya yage. Hutun inji har Litinin, matashi a ƙarƙashin hannun in yana zaune ko kwance.

Masu jinya a gida, don Allah kada a ɗaga marar lafiya ta hannun da ya shanye, kada a saka hannu a hammatarsa a ja sama. Igiyar nan ma da ake ratayawa a saman ƙofa ana jan hannu sama da ita, masu gashi ba sa son ta ga kafaɗar da ta saki.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Madubin ni nake kula da shi a gida, bayan Isha'i. Ana tsayar da shi a tebur a tsakanin hannuwa biyu, fuskarsa na kallon hannun hagu, na dama yana ɓoye a baya. Yaya zai riƙa buɗe hagu yana rufewa, idonsa a madubin, abin da yake gani kuma kamar dama ce ke motsi lafiya lau. A bayan madubin yana ƙoƙarin yin haka da ita. Minti 20 zuwa 30, agogo da zobe a cire, ɗaki shiru. V. S. Ramachandran ne ya fito da dabarar a shekarun 1990 don masu jin ciwo a hannun da aka yanke, a 1999 aka fara wallafa gwajinta a kan masu shanyewar ɓarin jiki. Bitar Cochrane ta 2018 ta duba bincike 62 ta ga tana taimaka wa motsi in an haɗa ta da gashin da aka saba.

Da farko bai so ba. Ya ce, "Auta, yaudarar kai zan zauna ina yi da girmana?" Na ce, "Yaya, idonka ne zai riƙa tuna wa ƙwaƙwalwa yadda hannun yake yi da can, ka ba shi mako biyu." Ni ina zaune ta gefen da nake ganin bayan madubin. A daren Talata na ga ɗan ali ya motsa, kaɗan, sau biyu, ba lantarki. Shi bai gani ba, sai da na gaya masa.

Sai dai yatsun sun ƙara ƙandarewa, musamman da sanyin nan da ya shigo. In ya yi hamma ko ya yi tafiya da sauri hannun kan naɗe zuwa ƙirji. An tura shi wajen likitan da ke yin allurar botulinum, mai sassauta tsokar da ta ƙandare.

Litinin, 20 ga Oktoba

Awon tsakiya. Fugl-Meyer ya tashi daga 24 zuwa 31. ARAT daga 9 zuwa 13. Masu gashi suna ɗaukar ƙarin kusan maki 5 a Fugl-Meyer a matsayin canjin da mutum zai ji a jikinsa, don haka bakwai abin godiya ne. Layin da yake zanawa a allo ya miƙe, an kuma rage taimakon injin sosai.

Amma dubi inda makin ya fito: kusan duka daga kafaɗa da gwiwar hannu. Abin da RATULS ya gani shi muke gani a takardar Yaya. Kuma ba wanda zai iya rantsewa cewa injin ne ya kawo bakwai ɗin, domin yana cikin wata shida na farko, lokacin da jiki ke yin wani gyaran da kansa ko da ba a yi komai ba. Likitar ce ta fara faɗin haka kafin in faɗa, abin da ya ƙara mata daraja a idona.

An sauya rabon lokaci. Daga yau minti 30 a inji, minti 30 a tebur da lantarki. An kuma ba mu takardar atisayen gida na awa guda kullum, wanda aka gina a kan shirin GRASP na Janice Eng a Kanada: matsa soso, juya kati, ninke tawul, buɗe murfin kwalba, tara tsabar kuɗi.

Laraba, 29 ga Oktoba

Yau ce ranar shanyewar ɓarin jiki ta duniya, cibiyar ta cika da takardun faɗakarwa a kan hawan jini. Jinin Yaya ya daɗe yana hawa kafin ya faɗi, maganin kuma sha ɗaya bari ɗaya yake yi masa, in kai ya daina ciwo ya ajiye. Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a Najeriya da Gana, har da Kano a cikin cibiyoyinsa, wanda aka wallafa a 2018, ya danganta kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu da hawan jini. Yanzu safe da dare ake auna shi, a rubuta a littafi ɗaya da atisayen.

Jiya ɗan Baffa ya kira daga gida. Mahaifiyarsa ta yi wata takwas da irin ciwon, ya ga bidiyon Yaya a kan inji, yana tunanin sayar da fili ya fitar da ita waje. Na roƙe shi kada ya sayar. Na ba shi labarin wani gwaji da Janis Daly da Jessica McCabe suka yi a Cleveland ta Amurka, aka wallafa a 2015, da mutanen da suka haura shekara da ciwon kuma hannunsu ya yi rauni sosai. Awa biyar a rana, kwana biyar a mako, mako 12. Wasu da inji a ciki, wasu da lantarki, wasu atisayen ayyuka zalla. Duka rukunin uku sun samu ci gaba mai yawa, kuma babu wanda ya fi wani. A asibitin Queen Square na Landan ma, shirin Farfesa Nick Ward na awa 90 cikin mako uku ya nuna mutanen da suka daɗe da ciwon suna iya ƙara samun hannu. Abin da ya haɗa waɗannan shirye-shirye yawan awanni ne da ingancin koyarwa.

Na ce masa kuɗin jirgin mutum biyu kaɗai zai biya likitan gashi na tsawon watanni. Ya kai ta sashen gashi na asibitin koyarwa a auna ta, a rubuta musu atisaye, a koya wa wadda ke jinyarta yadda za ta tallafi hannun, ya sayi madubi, a ware awa biyu kullum ba fashi. Ya ce, "Yaya Auta, ai na zaci ba injin ba warkewa." Ina jin da yawa haka suke zato, kuma yana ci mini rai, don wannan zaton ne ke sa wanda ba shi da hali ya naɗe hannu ya daina komai.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Mako mai nauyi. Tun da aka mayar da agogo baya da awa guda, kamar yadda ake yi a nan in sanyi ya shigo, ƙarfe huɗu da rabi duhu ya rufa, Yaya kuma ya yi sanyi. Bai yi atisayen gida ba kwana uku. Ya ce wa matarsa ya gaji da wasan yara. Damuwa bayan wannan ciwo ba raunin imani ba ce, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ya kama suna fama da ita. Mun gaya wa likitansa, an sa masa ranar ganin mai ba da shawara. Abokansa biyu na masallaci sun karɓi kai shi zaman Juma'a, daga can su wuce salla tare. Wannan ya ɗaga shi fiye da duk maganar da muka yi masa.

Ya ga wani bidiyo a intanet na na'urar da ake ɗora wa a ka tana tura lantarki mai rauni cikin ƙwaƙwalwa, ya tambaya ko za a haɗa masa. An gwada haɗa ta da injin hannu. Stefan Hesse ya yi a Jamus da mutum 96 a 2011, bai ga ƙarin amfani ba. Wadda ta nuna wani abu ita ce na'urar da ake dasawa a jiki tana taɓa jijiyar vagus a wuya daidai lokacin atisaye: a gwajin 2021 mai mutum 108 waɗanda aka kunna musu ita sun ƙaru da maki 5 a Fugl-Meyer, waɗanda ba a kunna musu ba 2.4, a shekarar kuma Amurka ta amince da ita. Amma tiyata ce, kuma waɗanda aka gwada a kansu sun haura wata tara da ciwon. Ba maganarmu ba ce yanzu.

An yi allurar botulinum ranar Talata, a tsokokin da ke naɗe yatsu da wuyan hannu. Likitan ya faɗa mana ƙarara cewa allurar sassautawa take yi, ba ta koya wa hannu aiki. Takan fara cikin mako ɗaya zuwa biyu, ta yi kamar wata uku. A cikin wata ukun nan ake so a matsa wa yatsu da atisaye.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Allurar ta kama. Tafin hannun yana buɗewa a wanke shi ba faɗa, yankan farce ya zama mai sauƙi. Yau likitar ta ɗora sangalin hannun a bakin tebur, wuyan hannun yana reto, ta ce ya ɗaga. Ya ɗaga, ba lantarki. Ta auna da ma'aunin kusurwa, ya ɗan haura digiri 10. Babban yatsa da ɗan ali da na tsakiya su ma sun miƙe kaɗan.

Wannan awo yana da muhimmanci, don shi ne sharaɗin shiga wani nau'in gashi da Edward Taub ya ƙirƙiro a Amurka, inda ake sa wa lafiyayyen hannu safa mai kauri a hana shi aiki, a tilasta wa mai raunin. A gwajin EXCITE na 2006, mutum 222 da ke tsakanin wata uku zuwa tara da ciwon, an sa safar kusan duk lokacin da mutum ke farke har kwana 14, da atisaye har awa shida a rana, amfanin kuma ya ɗore bayan shekara. Yaya ba zai jure wannan ba. Sassauƙan nau'in za a yi masa: safa awa biyu a gida, lokacin da yake zaune kuma akwai mutum kusa, saboda mai tafiya da sanda bai kamata a ɗaure masa hannun da zai kare kansa ba.

Ranar Lahadi matarsa ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ta yi shi da ɗan tauri da gangan, ta yanka masa ƙananan loma ta jera a gefen faranti. Ya ɗauki ta farko da babban yatsa da yatsu biyu, gwiwar hannu a kan tebur, ya sunkuyo da kai ya tarye ta a rabin hanya. Ta biyu ta faɗi a cinya. Ya ci wajen shida haka kafin hannun ya soma rawa ya koma hagu. Bai iya murza loma da kansa ba, bai iya dangwalo miya ba tare da ta zube ba. Bai ce komai ba sai "Alhamdu lillahi", matarsa ta tashi ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Litinin, 1 ga Disamba

An kammala mako 12 ranar Juma'a, yau aka yi awo. Fugl-Meyer 39, ARAT 24. A rabin farko maki bakwai ya samu a Fugl-Meyer, huɗu a ARAT. A rabi na biyu, bayan an rage inji an ƙara tebur, ga allura da lantarki da atisayen gida, ARAT ya ƙaru da goma sha ɗaya. Mutum ɗaya ne, abubuwa da yawa kuma aka sauya a lokaci guda, ba zan ce ga takamaiman wanda ya yi aikin ba. Abin da na gani da idona shi ne injin ya fitar da hannun daga jikin ƙirji ya kai shi inda kaya suke, abin da hannun ke yi in ya isa can kuwa a tebur aka koya masa.

A cikin buƙatunsa uku, musabaha ta samu, ko da yake riƙon ba ƙarfi. Abinci rabi da rabi. Alwala da saura: yana wanke fuska da hannu biyu, amma juya tafin hannu sama don ɗiban ruwa bai cika ba, shafar kai kuma kafaɗar ba ta kai ba tukuna.

Shirin gaba: inji sau ɗaya a mako har ƙarshen Janairu, a sa masa turjiya maimakon taimako don ƙarfin kafaɗa. Zama biyu a tebur, a mayar da hankali kan juya sangalin hannu da babban yatsa. An ba mu aron ƙaramar na'urar lantarki ta gida, an koya wa matarsa inda za ta manna faifan. Safa awa biyu kullum, madubi ya koma kwana uku a mako. A farkon Fabrairu, lokacin da allurar za ta saki, za a sake awo a ga ko yatsun za su riƙe abin da suka samu ko sai an maimaita ta.

Ɗan Baffa ya turo saƙo da yamma: an auna mahaifiyarsa, an ba su atisaye, ƙanwarsa ce ke zama da ita safe da yamma. Ya nemi hoton yadda muke tsayar da madubin da takardar atisayen gida. Zan juya masa takardar zuwa Hausa a daren nan bayan na taso daga aiki.